Ciwo Mai Bin Wata, Aljihu Mai Bin Yini: Nazarin Kuɗin Magani a Galtimari

Duk mai nazarin abin da ke hana mutanen Arewa samun magani yakan fara da nisa: ƙauye ba asibiti, hanya ta lalace, likita yana birni. Galtimari ta kawar da wannan hujja. Unguwa ce a Ƙaramar Hukumar Jere, cikin birnin Maiduguri, ɓangaren barikin Giwa, kuma daga can zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da ke kan titin Bama tafiya ce da Keke Napep ke yi cikin ɗan lokaci. Asibitin yana da cibiyar ƙoda, an fara dashen ƙoda a cikinsa tun 2010, kuma marasa lafiya na zuwa masa har daga Chadi da Kamaru da Nijar. Duk da wannan kusanci, mai hawan jini a Galtimari yana iya shafe wata uku bai haɗiyi ƙwaya ɗaya ba. Wurin da nisa ya fita daga lissafi shi ne ya fi dacewa a duba matsalar kuɗi tsirararta.

Abin da wannan nazari yake son nunawa shi ne, matsalar ta wuce tsadar magani kawai. Ciwon da ba ya warkewa yana karɓar nasa kowane wata, ba fashi, har ƙarshen rayuwa. Samun mafi yawan magidanta kuwa na yini ne. Duk hanyoyin da al'umma da gwamnati suka tanada don taimakon mara lafiya an gina su ne a kan musibar da ke zuwa sau ɗaya ta wuce. Saɓanin nan tsakanin lokacin ciwo da lokacin kuɗi shi ne yake mayar da ciwo mai araha ya zama ciwo mai cinye gida.

Abin da ciwon yake ci

Zazzaɓin cizon sauro maganinsa kwana uku ne. Ko da bashi aka saya, an san ranar gamawa. Hawan jini, ciwon suga, sikila, asma, farfaɗiya da ciwon ƙoda ba su da ranar gamawa. Kuɗinsu kuma bai tsaya a kan ƙwaya ba. Akwai kati da ganin likita, akwai awon jini da na fitsari, akwai kuɗin Napep zuwa da dawowa, domin an hana babura a Maiduguri tun 2011. Sai kuma wanda ba a rubuta shi a rasit: yinin da aka kashe a layin asibiti. Ga ma'aikacin gwamnati yini ɗaya ba ya taɓa albashi. Ga mai moya da ke tura jarkokin ruwa, ko mai ɗinkin hula, ko mai ƙaramin tebur a Kasuwar Monday, yinin asibiti yini ne da ba a ɗora tukunya da guminsa ba. Idan dattijuwa ce mara lafiyar, mutum biyu ne suka rasa yinin, ita da mai raka ta.

A ƙasa baki ɗaya, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun mara lafiya yake fita kai tsaye, a lokacin da ciwon ya kama shi. Wannan yana cikin mafi yawa a duniya. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya gano cewa kimanin kashi 97 cikin 100 na manya ba su da kowace irin inshorar lafiya. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da shi yana ɗaukar gida ya faɗa cikin kashe kuɗi mai karya tattalinsa idan lafiya ta cinye fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da yake kashewa. Gidan da ke da mai allurar insulin guda ɗaya, kuma samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba, ya tsallake wannan layi tun kafin a yi maganar awo.

Shekarar 2023 ta ƙara wa wutar fetur. An cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, an saki Naira ta nemi farashinta a Yuni, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Mafi yawan magunguna da sinadaran haɗa su daga Indiya da Sin ake shigo da su, saboda haka farashin kemis ya bi Dala. A Agusta 2023 kamfanin GSK, mai yin Ventolin da masu asma suka dogara da shi, ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya, Sanofi mai insulin ɗin Lantus ya bi sahu kafin ƙarshen shekarar. Umarnin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yuni 2024, na ɗauke haraji daga kayan haɗa magani, ya taimaki masana'antun cikin gida, amma insulin ba a cikin gida ake yin sa ba.

Yadda ake lallaɓawa

Wanda ya zauna a kemis na unguwa da yamma zai ji yadda ake ciniki. "Ba ni na ɗari biyar." "Yanko mini na kwana uku." Mai kemis ya ɗauki almakashi ya yanki katin ƙwayar daidai kuɗin. Ga maganin ciwon kai wannan dabara ce mai kyau. Ga maganin hawan jini asara ce biyu: an kashe kuɗin, kuma ba a sami kariyar ba, domin amfanin ƙwayar yana cikin ɗorewarta ne.

A nan halin ciwon kansa yake haɗa baki da talauci. Hawan jini ba ya yi wa mai shi zafi sai ya yi ɓarna. Magidancin da ke da Naira dubu biyu a hannu, da yara da ba su karya ba, da ciwon da ba ya ji a jikinsa, idan ya zaɓi masara bai yi wauta ba. Lissafin yau ya yi, kuma lissafin yau daidai yake. Sau da yawa ma'aikatan lafiya na kiran wannan rashin bin umarnin likita, ko jahilci. Ina ganin wannan suna ya zalunci mutane da yawa. Wanda ya ce "ai jinina ya sauka, na ajiye maganin" wani lokaci bai fahimci ciwon ba ne, amma sau da yawa yana rufa wa aljihunsa asiri ne a gaban likita. Binciken da bai raba waɗannan biyun ba zai ƙare da ba da shawarar wayar da kai ga mutumin da kansa a waye yake.

Daga yanka ƙwaya sai neman mai araha. Dokar ƙasa ta bai wa masu ƙananan kemis izinin sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne kawai, amma a aikace su ne asibitin farko na unguwa, su ne kuma ke ba da bashi. Mai neman mafi arha shi ne abincin masu jabu. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta sha faɗin cewa ƙanwarta mai ciwon suga ta rasu a 1988 saboda insulin na jabu. Sai kuma jiƙe-jiƙe da sassaƙe. Mai maganin gargajiya yana da abin da asibiti ba shi da shi: yana alkawarin warkewa gaba ɗaya da biya ɗaya. Ga wanda aka ce masa zai sha ƙwaya har mutuwa, wannan tayi ne da ya dace da aljihunsa. Haka ma ƙwayoyin kashe ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da leburori ke sha kullum don su iya fita aiki gobe. An tabbatar yawan shansu yana lahanta ƙoda, musamman ga mai hawan jini da ke aiki cikin zafin da ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu.

Idan ciwon ya kwantar da mutum, sai a juya ga dangi. Akan kira ƙane da ke aiki a Abuja ko Legas, a ɗauki adashi kafin lokacinsa, a sayar da tunkiya, sai ɗan kunnen gwal na uwargida, sai keken ɗinki, daga ƙarshe fili. Jerin yana da tsari: ana farawa da abin da aka ajiye, a ƙare da abin da ake ci da shi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma gidan da ya sayar da keken ɗinki don kuɗin wannan wata ya yanke hanyar kuɗin wata mai zuwa. A Maiduguri akwai ƙarin nauyi, domin dubban gidaje sun zo daga Bama, Konduga, Gwoza da sauran garuruwa ba gona ba dabba. Da gwamnatin jiha ta rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin birni daga 2021, wasu sun koma garuruwansu, wasu sun bazu cikin unguwanni suna haya. Irin wannan gida ba shi da jerin da zai bi.

Zumunci da taimakon masallaci suna da ƙarfi a Borno, kuma ba na raina su. Amma a lura da irin abin da suke iya ɗauka. Idan liman ya sanar bayan sallar Magariba cewa ɗan'uwa yana buƙatar kuɗin tiyata, jama'a za su haɗa, domin adadi ne sananne kuma yana da ƙarshe. Ba a iya tsayawa a gaban sahu ɗaya kowane wata a nemi kuɗin insulin. Kunya takan hana mai nema kafin gajiya ta kama masu bayarwa.

Inda lissafin yake ƙarewa

Borno da Yobe sun yi suna da yawan ciwon ƙoda, musamman Gashuwa da garuruwan da ke bakin kogin Komadugu Yobe. Masu bincike a Maiduguri da Damaturu suna duba ruwan sha, zafi da ƙishirwa, magungunan feshi na gona da sauransu. Amma a duniya baki ɗaya, hawan jini da ciwon suga da ba a kula da su ba su ne kan gaba wajen kashe ƙoda. Wato da yawa daga cikin masu jiran injin wankin ƙoda su ne mutanen da shekaru goma baya suke cewa a yanko musu na kwana uku.

Wanda ƙodarsa ta daina aiki yana buƙatar wanki sau uku a mako. A farashin Naira 50,000 kowane zama, Naira 600,000 ke nan a wata. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da tallafin da ya sauko da farashin zuwa Naira 12,000 a wasu asibitocinta, har da na koyarwa na Maiduguri. Sauƙi ne na gaske, kuma wanda yake da mara lafiya a gadon wanki ya san darajarsa. Sai dai a sake yin lissafin: 12,000 sau uku a mako, mako huɗu, Naira 144,000 ne, sama da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi, ban da allurar ƙara jini, awo da kuɗin mota. Shi ya sa ake komawa sau ɗaya a mako, sai kuma lokacin da ƙafa ta kumbura numfashi ya yi wuya. Bincike daga asibitocin koyarwa daban-daban na Najeriya ya sha nuna cewa mafi yawan waɗanda suka fara wanki ba sa iya ci gaba bayan wata uku. Jihar Yobe ta zaɓi yin wankin kyauta a asibitin koyarwa na jami'arta da ke Damaturu.

Abin da ya fi damuna a wannan lissafi shi ne tazarar da ke tsakanin farkonsa da ƙarshensa. Amlodipine, ƙwayar da ake fara ba mai hawan jini, tana cikin magunguna mafiya arha a duniya. Kuɗin wankin ƙoda na wata ɗaya ga mutum ɗaya zai sayi maganin wata ga mutane da dama. Amma tallafi ya fi zuwa a ƙarshe, saboda mai wankin ƙoda ana ganinsa, ana ɗaukar hotonsa, injin kuma ana iya yanke masa kintinkiri. Wanda aka tsare daga shanyewar ɓarin jiki ba shi da hoto. Ban ce a rage wa mai ƙoda ko sisi ba. Ina cewa kasafin da ya tsaya a kansa kaɗai ihu ne bayan hari.

Zafi, wuta da ruwa

Mai ciwon suga a Maiduguri yana da wata matsalar da takardar likita ba ta ambata. Insulin yana son sanyi. A Janairu 2021 masu tayar da ƙayar baya suka fasa turakun layin lantarki da ke zuwa daga Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu, har aka gina masa tashar iskar gas mai megawat 50 da aka buɗe a Maris 2023. Gidan da ba firji yakan sa kwalbar cikin leda a jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Dabarar tana da goyon bayan ilimi: binciken da Likitocin Na-Gari-Na-Kowa, wato MSF, suka yi da Jami'ar Janeba a sansanin Dagahaley na Kenya, aka wallafa a 2021, ya nuna kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Bazarar Maiduguri tana wuce haka, don haka randar ba ƙawa ba ce.

Sai ruwa. A daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya shiga gari, irin wanda ba a gani ba tun 1994. Galtimari, Fori da Gwange suna cikin unguwannin da ruwan ya fara ci. Asibitin koyarwa kansa ya cika da ruwa, na'urori suka lalace, aiki ya tsaya. Wanda ya fita da kayan jikinsa ya bar ƙwayoyinsa da katinsa da takardun awonsa a ƙarƙashin ruwa. Agajin da ya biyo baya ya fuskanci abinci, matsuguni da rigakafin kwalara, kuma haka ya kamata a fara. Amma wannan tsari ne da ya daɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya a ƙarshen 2016 cewa cikin cibiyoyin lafiya sama da 700 na Borno, kusan kashi ɗaya cikin uku an rusa su gaba ɗaya. Ƙungiyoyin da suka cike giɓin sun zo da kuɗin tamowa, haihuwa da annoba. Dattijo mai hawan jini bai cika shiga jadawalinsu ba.

Dokokin da ke ƙasa

A takarda, Najeriya ba ta rasa tanadi ba. An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da doka a 1999, ya fara aiki a 2005, amma ya tsaya kusan kacokan a kan ma'aikatan tarayya, waɗanda ke biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko, sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. A Mayu 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu da aka ce zai ɗauki mutum miliyan 83. Waɗanda ke cikin inshora a 2025 sun kai wajen miliyan 20 a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Duk da Alkawarin Abuja na 2001, na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, a 2025 tarayya tana wajen kashi 5 ne kawai.

Borno tana da hukumarta, BOSCHMA, mai rajistar ma'aikata da kuma marasa galihu a ƙarƙashin asusun tarayya. Jihohin Arewa da dama, ciki har da Kano, sun kauce wa kalmar inshora a sunan hukumominsu suka zaɓi ma'anar taimakekeniya, saboda shakkun malamai game da inshorar kasuwa. Hikima ce, domin haɗa kuɗi a taimaki wanda ciwo ya kama ba baƙon abu ba ne ga masu adashi. Wahalar tana wani wuri. Ma'aikaci ana cire nasa daga albashi kafin ya gani. Mai moya sai ya ɗauki kuɗin shekara guda a dunƙule ya kai ofis, don ciwon da bai zo ba. Wanda zai yi haka da son ransa galibi shi ne wanda ya riga ya kamu, kuma asusun da marasa lafiya kaɗai suka cika ba ya ɗorewa. Gana ta gane haka tun 2003, ta ɗora shirinta a kan harajin kashi 2.5 cikin 100 na kayan saye. Tailan ta fara shirin kowa-da-kowa da kuɗin haraji a 2002, ta shigar da wankin ƙoda a 2008 bayan matakin farko ya zauna. Najeriya ta sa harajin Naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a Dokar Kuɗi ta 2021, amma ba a keɓe kuɗin ga masu ciwon suga ba.

Hujja mafi ƙarfi cewa abin mai yiwuwa ne tana cikin asibitocinmu. Mai ɗauke da ƙwayar HIV yana karɓar maganinsa kyauta, na watanni a lokaci ɗaya, yana da kati, kuma idan bai zo ba ana bin sawunsa. Mai tarin fuka haka. HIV ciwo ne na tsawon rai kamar hawan jini, kuma an nuna a nan Maiduguri cewa talaka yana ɗorewa a kan magani shekara da shekaru idan ba a tambaye shi kuɗi a taga ba. Bambancin shi ne kuɗin waje ya ɗauki wancan, kuma yanke tallafin Amurka a 2025 ya nuna haɗarin jingina da shi. Shirin daƙile hawan jini da aka fara a Kano da Ogun a 2020, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ya aro wannan salo: tsarin magani guda mai sauƙi, ma'aikacin lafiya na asibitin unguwa ya auna ya bayar, rajista ta nuna wanda ya ɓace.

Irin wannan ne Galtimari take buƙata kafin komai, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin jiha ba idan aka sayi maganin a dunƙule. Zakka da wakafi ma suna da gurbi. Hukumar Zakka da Wakafi ta Sakkwato ta daɗe tana biyan kuɗin maganin mabuƙata, kuma abin da ya rage shi ne a sauya ma'aunin bayarwa: maimakon tallafi ɗaya ga wanda ya riga ya kwanta, a ɗauki nauyin ƙwayar shekara ga wanda yake tsaye. Attajirin da ke raba shinkafa a Ramadan zai iya ajiye kuɗi a kemis mai rajista da sunan masu hawan jini hamsin na unguwarsa, mai unguwa da liman su tantance su, kowa ya karɓi na wata uku a zuwa ɗaya. Hakan zai rage wa mara lafiya zuwa asibiti daga sau goma sha biyu a shekara zuwa huɗu, ya mayar masa da yini takwas na aiki da kuɗin Napep na zuwa takwas.